Akawun Lauya Ko Makarantar Lauyoyi: Wanne Za A Fara?

Kwanan baya wani saurayi, malamin makaranta, ya same mu a ofis bayan an tashi daga aiki, ya ce shawara ta kawo shi. Shekararsa huɗu yana koyarwa, amma tun yana ɗalibi ransa yana ga aikin lauya. To, ga shi wani lauya a garinsu ya ce zai ɗauke shi akawu, ya riƙa tsare masa fayil, yana rubuta wasiƙu, yana kai takardu kotu. Mahaifinsa ya ce ya karɓa, domin wanda ya zauna kusa da masu sana'a ba ya rasa abin da zai tsinta. Baffansa kuwa ya ce ɓata lokaci ne, in karatu zai yi ya tafi kai tsaye, kada ya tsufa yana ɗaukar jakar wani. Yaro ya rasa wanda zai bi, ga shi kuma lauyan ya ba shi mako biyu ya kawo amsa.

Ba shi ne na farko da ya kawo mana wannan tambaya ba, kuma yawancin masu kawo ta akawuna ne da malaman makaranta, watau mutanen da suka iya rubutu mai kyau, suka saba da takarda, suna kuwa ganin da sauran tafiya a gabansu. Saboda haka muka ga ya kamata mu shimfiɗa maganar a wannan fili, kowa ya auna da kansa.

Da farko sai mu san aikin. Akawun lauya, ko mataimakin lauya, wanda Amurkawa su ke kira faraligal, shi ne mai yin duk aikin ofis wanda doka ba ta ce lalle sai lauya ne zai yi shi da kansa ba. Shi ke zaunar da mai ƙara ya saurari labarinsa tun daga tushe, ya tsince abin amfani daga cikin dogon surutu. Shi ke tsara takardar rantsuwa kafin lauya ya duba ya gyara. Shi ke kai takarda ofishin rajistaran kotu ya biya kuɗi ya karɓo rasit, ya bi sawun sammaci har ya tabbata ya isa hannun mai shi. Shi ke riƙe littafin ranaku, ya san ran da za a zauna shari'ar wane, da ran da wa'adin ɗaukaka ƙarar wane zai cika. Wannan na ƙarshe ƙaramin abu ne a ido, amma makarar kwana ɗaya ta kan jawo wa mai gaskiya wahalar shekara. Duk da haka akawu ba ya tsayawa gaban joji ya yi magana da bakin wani, ba ya sa hannu a matsayin lauya, ba shi kuma da ikon ya ce wa mutum ga abin da doka ta ce a kan maganarka, je ka yi kaza.

A Amurka ne wannan al'ada ta fi ƙarfi a yau, kuma da dalili. Can ba a shiga makarantar lauya sai mutum ya gama digirin farko na shekara huɗu a wani fanni dabam, sa'an nan ya ƙara shekara uku. Kuɗin makaranta kaɗai a manyan jami'o'insu ya haura dala 60,000 a shekara, yawancin ɗalibai kuwa bashi su ke ci. Wanda zai ɗauki irin wannan kaya dole ya so ya leƙa cikin ɗakin tukuna kafin ya shiga, don haka da yawa su kan yi shekara ɗaya ko biyu suna taimakon lauyoyi. Tun 1968 ƙungiyar lauyoyin ƙasar ta amince da wannan aiki a matsayin sana'a mai zaman kanta. A Ingila ma, bisa tsarin jarrabawar da aka soma a 2021, mai neman zama lauyan ofis sai ya nuna ya yi aikin shekara biyu a fannin shari'a, kuma a kan lissafa masa aikin mataimaki a ciki in wani lauya ya shaida.

Amma misalin da ya fi kama da halin saurayin nan namu daga Afirka ta Kudu ya ke, kuma na mutumin da kowa ya san sunansa ne, ko da ya ke kaɗan ne suka san ya taɓa zama akawu.

A shekarar 1941 Nelson Mandela ya shiga birnin Johanasbag yana da shekara 22 da 'yan watanni, ba digiri, ba kuɗi. Ya bar kwalejin Fort Hare saboda saɓani da hukumarta a kan zaɓen wakilan ɗalibai, ya kuma gudo daga gida don sarkin da ya riƙe shi ya zaɓa masa matar da bai so ba. Aikin da ya fara samu gadi ne a wata mahaƙar zinariya, bai daɗe ba aka sallame shi. Sai aka haɗa shi da Walter Sisulu, wanda a lokacin dillalin gidaje ne, shi kuma ya kai shi wurin wani lauya Bayahude mai suna Lazar Sidelsky, na ofishin Witkin, Sidelsky da Eidelman. A zamanin nan Baturen lauya ya ɗauki baƙar fata akawu abu ne da ba a saba gani ba. Sidelsky ya ɗauke shi, bai ma karɓi kuɗin da a kan biya maigida kafin ya koya wa yaro sana'a ba.

Albashinsa fam biyu ne a mako. Ɗakin da ya kama a unguwar Alexandra sule 13 da kwabo huɗu ne a wata, kuɗin motar zuwa aiki kuwa ya fi kuɗin hayar. Ran da aljihu ya bushe ya kan taka mil shida da safe, ya tako shida da yamma. Kwat guda maigidansa ya ba shi, tsohuwa, ya yi shekara biyar yana sa ta har faci ya yi mata yawa. Da dare kuma ya kunna kyandir ya yi karatun digirinsa na farko ta hanyar wasiƙa da Jami'ar Afirka ta Kudu, ya gama a ƙarshen 1942.

To, me ya samu a ofishin nan wanda littafi ba zai ba shi ba? Ya fara da jera takardu a fayil da kai saƙo, a hankali aka riƙa ba shi tsara yarjejeniya. Sidelsky mutum ne mai haƙuri, in ya ba da aiki ya kan tsaya ya faɗi dalilin da ya sa a ke yinsa haka. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan magana, don za mu komo kanta. Har wa yau a ofishin akwai wani baƙar fata, Gaur Radebe, mai aikin akawu da tafinta da masinja a haɗe, wanda ya riƙa jan Mandela zuwa tarurrukan siyasa, alhali maigida yana ta gargaɗinsa ya guji siyasa. Mandela da kansa ya ba da labarin ranarsa ta farko, yadda wata Baturiya mai buga tafireta ta ce masa an sayo sababbin kofuna biyu don girmama shi da Radebe, manufarta kuwa kada su sha shayi da kofunan Turawa. Radebe ya miƙa hannu ya ɗauki tsohon kofi da gangan. Mandela, don kada ya ɓata wa kowa, ya ce ba ya jin ƙishirwa. A wurin shan shayi ya fara koyon yadda doka da al'ada su ke tsaga mutane gida biyu, tun kafin wani farfesa ya karanta masa sashe ko ɗaya.

Daga nan labarin ya juya, kuma nan ne baffan saurayinmu zai ce, ai ga ta nan. A 1943 Mandela ya shiga Jami'ar Witwatersrand neman digirin lauya, shi kaɗai ne baƙar fata ɗan Afirka a sashen. Da rana yana ofis, da yamma yana aji, da dare yana taro. A 1944 ya yi aure, a shekarar kuma suka kafa reshen matasa na jam'iyyar ANC. 'Ya'ya suka zo, gida ya cika da baƙi. Ya faɗi jarrabawar shekarar ƙarshe har sau uku, a Disamba 1949 jami'ar ta rufe masa ƙofa. Shekara bakwai ke nan, ba digiri.

Abin da ya cece shi aikin akawun nan ne. A tsarin ƙasarsu na wancan zamani lauya iri biyu ne. Mai son zama babban lauya mai tsayawa a manyan kotuna sai da digiri. Amma lauyan ofis, wanda ya ke karɓar masu ƙara yana kuma tsayawa a kotun majistare, ya isa in ya cika shekarun koyon aiki a ƙarƙashin lauya ya kuma ci jarrabawar ƙwarewa. Mandela ya riga ya cika shekarunsa uku a ofishin Sidelsky tun 1947. Ya yi aiki a waɗansu ofisoshi, ya ci jarrabawar, a 1952 ya buɗe ofishinsa, abokinsa Oliver Tambo ya zo suka haɗa hannu a wani bene da ke fuskantar kotun majistare ta Johanasbag, inda talakawa su kan yi layi tun daga matakala. Digirin nan kuwa da ya gagare shi bai same shi ba sai a 1989, yana tsare, yana da shekara 70, watau shekara 46 bayan ya fara nemansa.

Malaman makaranta za su so su ji cewa shi Tambo abokin aikinsu ne. Lissafi da kimiyya ya koyar a makarantar St Peter's ta Johanasbag, sa'an nan ya ajiye alli ya shiga ofishin lauya yana koyon aiki, ya zama lauya a 1951, ya riga abokinsa. Ba mu yi mamaki ba. Wanda ya saba tsara darasi, ya saba tsayawa gaban aji ya warware abu mai wuya da kalmomi masu sauƙi, ya riga ya yi rabin horon da a ke bukata a gaban joji.

To, ina ra'ayinmu? Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai mun daɗe da ganin irin wannan a namu fanni. A kan kawo ɗalibai iri biyu: wanda ya fito daga makaranta kai tsaye, da wanda ya riga ya yi shekara biyu ko uku yana riƙe aji ba horo. In aka zo darasin yadda a ke sarrafa yara, na farko rubutawa kurum ya ke yi, na biyu kuwa yana gyaɗa kai, don fuskar yaron da a ke magana a kai tana gabansa. Gani ya kori ji. Haka akawun lauya in ya shiga aji aka soma karatun tsarin shari'a, ba baƙon abu ba ne gare shi, ya sha riƙe takardun nan a hannu, ya san kamanninsu da inda a ke buga musu hatimi. Ya kuma san wani abu da ya fi wannan tsada, watau ko zai iya zama da aikin. Yaro ya kan hangi lauya da baƙar riga da hular gashi yana kaɗa Turanci a kotu, ya zaci aikin ke nan. Alhali kuwa mafi yawan ranar lauya a zaune ta ke ƙarewa, cikin karatu da rubutu da jiran shari'ar da za a ɗage. Wanda ya ga haka wata shida ya ji ba zai iya ba, ya tsira da shekara shida na ransa da dukiyar mahaifinsa, kuma mu ba mu ɗauke shi wanda ya fāɗi ba.

Amma mun ga ɗaya gefen ma. Cikin malaman nan da suka riga suka yi aji akwai waɗanda su ke zuwa da tsatsar da ba ta kankaruwa, ko me aka koya musu sai su ce ai mu ba haka mu ke yi ba. Akawun da ya daɗe shi ma haka. Ya san yadda a ke yi, bai san dalilin da ya sa a ke yi ba, sai ya ɗauki sabo a matsayin ilmi. Ran da magana ta zo wadda ba ta yi kama da ta jiya ba, sai ya ɗauko fom ɗin jiya ya cika. Shi ya sa muka ce a riƙe maganar Sidelsky. Maigidan da ba ya faɗin dalili masinja ya ke nema, ko da wane suna ya kira aikin, kuma shekara goma a wurinsa ba ta fi shekara ɗaya ba.

Akwai kuma jarrabar da ba a cika faɗa ba. Mutanen unguwa in sun ga mutum kullum da fayil yana shiga kotu, nan da nan su laƙaba masa Lauya, su riƙa kawo masa takardun fili da rigimar gado da dare, da ɗan abin goro. Kama da wane ba ta wane. Dokar aikin lauya ta Nijeriya ta mai da shi laifi ga wanda ba lauya ba ya nuna kansa lauya ne, ko ya tsara takardar cinikin ƙasa don a biya shi. Mai niyyar zama lauya kuwa ya tuna ba a rantsar da mutum sai an shaidi halinsa, tabo guda na iya rufe masa ƙofar har abada. Wanda ya ke son taimakon talakawa a kan hanya, dokar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta 2011 ta ba hukumar ikon ba da lasisi ga mataimakan da suka sami horo.

Sauran magana ita ce yadda hanyar ta ke a nan gida, don ba daidai ta ke da ta Mandela ba. A dā akawu ya kan hau ta cikin aiki. Makarantar da aka buɗe a Zariya a 1947 don horon akawuna ita ce ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, inda aka riƙa horar da alƙalai da malaman kotunan En'e sa'ad da sabuwar dokar laifuffuka ta Arewa ta soma aiki a 1960, aka kuma shirya samari don jarrabawar lauya ta Ingila. Marigayi Muhammadu Lawal Uwais ma'aikaci ne a Ma'aikatar Watsa Labarai ta Jihar Arewa kafin ya bi ta Kongo ya wuce Landan, ya zama lauya a 1963, daga bisani ya riƙe kujerar Babban Jojin Nijeriya daga 1995 zuwa 2006. A farkon 1963 ɗin ne aka buɗe Makarantar Lauyoyi ta Nijeriya a Ikko da ɗalibai takwas. Yau hedkwatarta tana Bwari kusa da Abuja, tana da rassa, har da na Bagauda da na Yola.

A yau ƙofa ɗaya ce. Sai mutum ya yi digirin lauya a jami'a, shekara biyar ga wanda ya shiga daga sakandare, sa'an nan ya yi shekara guda a Makarantar Lauyoyi, inda a kan tura shi ya zauna a kotu da ofishin lauya na 'yan makonni, sa'an nan a rantsar da shi a rubuta sunansa a Kotun Ƙoli. Ko shekara talatin mutum ya yi yana akawu, ba za a rage masa rana ɗaya daga wannan ba. Kyandir ɗin Mandela ma ba zai yi aiki a nan ba, domin a 2015 Majalisar Ilmin Lauya ta sake jaddada cewa karatun lauya sai a zauna a yi shi cikakke a jami'ar da ta amince da ita, ba ta hanyar wasiƙa ko karatun bayan aiki ba. Ɗalibai masu yawa sun riƙe digiri a hannu shekara da shekaru suna jiran a buɗe musu ƙofa saboda rashin lura da wannan. Ma'anarsa ita ce akawu ba zai riƙe albashi da hannun dama ya riƙe digiri da hagu ba. Rana za ta zo da dole ya ajiye aikin ya koma ɗalibi, kuma kowace shekara da ta wuce ajiyewar tana ƙara wuya, don albashi ya kan jawo aure, aure ya jawo haya da kuɗin makarantar yara. Akawunan lauyoyi masu furfura da mu ke gani a harabar kotu, da yawansu da niyyar shekara biyu suka shiga.

Abin da muka gaya wa saurayin ke nan. Muka ce ya karɓi aikin, amma kafin ya ajiye alli ya je ya zauna a ofishin kwana biyu ko uku ya ga ko maigidan yana faɗin dalili. Ya duba takardarsa ta sakandare ya tabbata yana da kiredit biyar, har da Turanci da Adabin Turanci waɗanda jami'o'i su kan nema ga mai son karatun lauya, in da giɓi ya cike shi a shekarar farko. Ya gaya wa lauyan tun ran farko cewa shekara biyu zai yi, ya faɗa kuma a gaban mahaifinsa da baffansa, ya riƙa kai kashi ɗaya cikin huɗu na albashinsa asusun da ba ya taɓawa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ranka ya daɗe, in shekara biyun ta cika ban sami shiga jami'a ba fa?" Muka ce ya ƙara ɗaya, amma kada ya bari takardarsa ta koyarwa ta ɓata, don aji yana nan yana bukatarsa. Ya rubuta a bayan ambulan, ya yi godiya, ya ce zai fara biyawa ta wurin baffan nasa kafin ya isa gida.